Sakataren Baba Ya Yi Shiru

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan saƙo ya same ka lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi, teku kuma tana kwance muku. Mu nan da sauƙi. Goggo tana gaishe ka, gwiwarta ce dai ke ba ta wahala wajen hawa matakala. Surukinka yana kan hanya da tirela, bai ce ga ranar dawowa ba. Ni kuma ina fama da nauyin da ka sani, an shiga wata na bakwai. Ƙafafuna sun kumbura har silifas ɗin Baba nake sakawa. Goggo ta ce haka abin yake, kada in cika raki.

Yaya, Sakatare ya yi shiru.

Ka fi kowa sanin cewa tun da ciwon jijiyar nan ya ɗauke wa Baba hannu da ƙafa da harshe, ba shi da baki sai kwamfutar da ka haɗa masa kafin ka tafi. Sandar da ke ƙasan allo ta bi idonsa, ya kalli haruffa, murya ta faɗi abin da ya rubuta. Shi da kansa ya raɗa mata Sakatare. To makon jiya wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta mutu, ta ƙi tashi. Na rungume ta na kai wa mai gyaran da ke kusa da kantin magani. Ya ce sai an wanke ta an zuba mata komai sabo. Na ce masa akwai abin Baba a ciki, ya ce babu matsala, Hajiya.

Yanzu tana tashi, har ta fi da sauri. Na mayar da manhajar magana daga ɗan filas ɗin ajiyar bayanai da ka bari a durowa. Haruffa suna fitowa, amma ɗigon da ke bin idon Baba ba ya motsi. 'Yan jajayen fitilun da ke cikin sandar ma ba sa kamawa. Na koma wurin mai gyara, ya jujjuya sandar ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Ya buɗe wani shafi ya nuna mini alamomi masu ruwan ɗorawa, an rubuta Unknown device a gefensu. Wai kwamfutar ba ta san abin da aka soka mata ba, direba ne babu. Na ce ni ma nawa direban ba ya nan, mu biyu ke nan. Ya yi dariya, ni kuwa da ƙyar na riƙe kuka har na fito.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kwamfutar ba ce. Baba yana son ya faɗi wani abu. Mun koma yadda muke yi a da: in eh ne ya ɗaga ido sama, in a'a ne ya lumshe. Na tambaye shi ko ciwo yake ji, ya lumshe. Yunwa, ƙishi, zafi, sanyi, juyi, majina a maƙogwaro, duk a'a. Amma duk inda na yi a ɗakin idonsa yana kaina, numfashinsa yana sauri, jiya har hawaye suka gangaro masa cikin kunne. Ban taɓa ganin tsoro a idon Baba ba, ko ranar da likita ya faɗa masa sunan ciwonsa. Yanzu na gani.

Na san saƙon jirginku ba ya karɓar hoto, kira kuma ba ya shiga. Ka rubuta mini abin da zan yi dalla-dalla, kamar kana koya wa Goggo.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta saƙonki abinci ya ƙi shiga. Yau ya iso, tare da na kowa, don sai an samu sadarwa ake sauke mana su a dunƙule. Ki gaishe da Goggo. Ki sa bakinki kusa da kunnen Baba ki ce ina gaishe shi, kuma za a gyara masa Sakatarensa.

Sandar ba ta lalace ba, in sha Allahu. Direba a nan ɗan tafinta ne. Kowane abu da aka jona wa kwamfuta yana da nasa, shi ke fassara tsakaninsu. Da mutumin nan ya wanke ta, ya kori tafintocin da ni na zuba. Kada ki sake kai masa. Musamman kada ki yarda ya saka manhajojin nan da ke cewa za su nemo direba da kansu, shara suke kwasowa.

Ki buɗe shafin da ya nuna miki, sunansa Device Manager. Ki duba alamomin nan masu ruwan ɗorawa nawa ne. Sai ki zare igiyar sandar kina kallon allo. Wadda ta ɓace, ita ce tamu. Ki mayar da igiyar, ki danna ta sau biyu, ki shiga Details, ki zaɓi Hardware Ids. Za ki ga dogon layi mai VID da PID a ciki. Na farko lambar kamfanin da ya ƙera ta ne, na biyu lambar ita kanta. Ki kwafa mini shi harafi-harafi, kada ki yi gaggawa. Da shi zan gano direban da ya dace, akwai jerinsu a kwamfutata a nan.

Kafin nan, ki yanko kwali ki rubuta haruffa a kai, layi-layi, manya. Ki riƙa nuna layi da biro, in ya ɗaga ido ki bi haruffan layin ɗaya bayan ɗaya. Akwai gajiya, fatar idonsa kuma na san ta yi rauni, to ki riƙa ba shi hutu. Ko kalma ɗaya kika samu ta isa ta nuna mana hanya.

Ki duba masa diddige da gadon baya ko gyambo ya fara. Ki auna jininsa safe da yamma. Kin san shi, shekarun da ya yi yana aikin jinya sun sa ba ya firgita a banza. In ya tsorata, akwai dalili.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna nan yadda ka bar mu. Ni ce dai kaina ke sarawa kwana biyu, rashin barci ne.

Na yi yadda ka ce. Alamomin uku ne. Da na zare igiya ta tsakiya ta ɓace, da na mayar ta dawo. Har na ji sanyi a raina, na ce ashe dai kwamfutar tana jin motsinta. Cikakken layin yana ƙasan wannan saƙo. Abin da ke bayan PID shi ne 481E.

Babu gyambo ko ɗaya, ni da Goggo mun juya shi mun duba ko'ina. Jininsa daidai yake. Na kira ma'aikaciyar jinyar da ke leƙo shi, ta saurari ƙirjinsa ta ce fes yake. Ta tsaya a bakin ƙofa tana sauri, ta ce wataƙila ƙuncin rashin magana ne kawai.

Kwalin kuma na yi. Yaya, wahala ce. Fatar idonsa tana faɗuwa da kanta, ban san ko a'a yake cewa ba ko gajiya ce. Mun daɗe muna yi kafin na samu K, sannan E. Sai na ce, “Keke? Keke kake so, Baba? Waje za a kai ka?” Idonsa ya rufe, na ɗauka gajiya ce. Na kira Goggo muka cicciɓe shi muka ɗora a keke, na tura shi baranda ya sha iska. Ina haki, har jiri ya ɗebe ni na dafa bango. Da na ɗago sai na ga ni yake kallo. Bai kalli titi ba ko sau ɗaya. Wata ƙara ya riƙa yi a maƙogwaro, irin wadda ban taɓa ji ba, har muka mayar da shi gado.

Goggo ta ja ni kicin ta ce, “'Yar nan, kada dai mutumin nan ya ga tafiyarsa ce, wasiyya yake son bari.” Na ce ta daina. Amma tun da ta faɗa maganar ta zauna mini a ƙirji. In Baba ya tafi da magana a bakinsa saboda ni na kai kwamfutar aka wanke, ban san inda zan sa kaina ba.

Ka yi sauri don Allah.

Auta

*

Auta,

Lafiya lau, ina fata ku ma haka. A gurguje nake, an ce sadarwar ba za ta daɗe ba.

Na duba lambar. Ta tsohon samfurin sandar ce, na yi mamaki, don na ɗauka sabon na saya. Wataƙila kwalin ne sabo. Ga adireshin da za ki sauke direban a ƙasa, daga shafin kamfanin ne. In kin zo sakawa kwamfutar ta yi gargaɗi cewa bai dace ba, kada ki kula, ki ce ta ci gaba. Haka suke yi da tsofaffin kaya.

Ki daina ɗaga Baba ke da Goggo, ki jira mijinki Direba ya dawo. Maganar wasiyya kuma ki ce wa Goggo ta bari, ba a yi wa mai rai irin wannan.

Yayanki

*

Yaya,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Muna raye dai.

Na kashe Sakatare gaba ɗaya. Na sauke abin da ka turo, ta yi gargaɗi, na ce ta ci gaba kamar yadda ka ce. Allon ya koma shuɗi, da rubutu fari, ta mutu ta tashi, ta sake komawa shuɗi. Haka take ta yi. A gaban Baba aka yi, don na matso da teburin kusa da gadonsa ina ce masa yanzu za ka yi magana. Ya ga komai.

Laifina ne. Na tuna na ɗauki hoton layin nan da wayata ranar da na kwafa. Na buɗe shi na ƙara girmansa, sai ga shi ba 8 ba ce, B ce. 4B1E. Kwanakin nan idona dishi-dishi yake gani, wasu 'yan taurari suna gilma mini, in na kalli allo haruffa su haɗe. Ka ce kada in yi gaggawa, kuma ban yi ba, sau uku na karanta. Idon ne ya cuce ni.

Na koma kan kwali. Yau da hantsi ya fi ƙarfi, muka samu kalma guda cikakkiya: J, I, N, I. Jini, Yaya. Biron ya faɗi daga hannuna. Muka tuɓe shi ni da Goggo, muka duba baki, hanci, kunne, robar da ake ba shi abinci ta ciki, fitsarinsa, zanin gado. Babu ɗigo ko ɗaya. Na ce, “Jini yana zuba a cikinka?” Ya lumshe. “Jininka ya hau?” Ya lumshe. Na auna a gabansa na nuna masa, daidai. Ya ƙura mini ido, ya ƙura wa abin awon, ya sake ƙura mini. Na ce, “Abin awon ya lalace?” Ya lumshe da ƙarfi har fuskarsa ta yi rawa. Daga nan bai sake buɗe ido ba sai bayan azahar.

Na kira asibiti, sun ce in babu zazzaɓi ko sarƙewar numfashi mu jira ranar ganin likitansa. Surukinka motarsa ta lalace a wani daji, wayarsa sai ta ga dama take shiga.

Tsoro nake ji in shiga ɗakin, tsoro nake ji in fita. Goggo ta ce fuskata ta cika kamar wadda ta sha kuka, na ce ai kukan na sha. Zoben aurena ma ya ƙi fita. Ka gaya mini ko akwai sauran dabara, ko kuwa in haƙura.

Auta

*

Auta,

Ina lafiya. Ba ki kashe komai ba, kuma laifin nawa ne. Na ga lambar ta saɓa da abin da na sani, maimakon in ce ki sake dubawa sai na ce ki take gargaɗin. Ki yafe mini, ki ce wa Baba ma ya yafe mini.

Ga yadda za ki fito da ita. Ki zare igiyar sandar tukuna. Ki kunna kwamfutar, in ta fara tashi ki danne maɓallin wuta har ta mutu. Ki maimaita, za ta gaji ta kawo miki shafin gyara. A nan ki nemi Safe Mode. Wannan tashi ne da ba ta ɗaukar kowane baƙon direba, shi ya sa ba za ta yi shuɗi ba. Ki shiga inda ake cire manhajoji ki cire wanda na turo miki. Ki kashe ki kunna, za ta dawo daidai.

Kada ki jona sandar tukuna. Sauran alamomi biyun nan da kika gani, ina kyautata zaton ɗaya ta ramin da ake soka igiyar ce, mai shuɗin harshe a gefen hagu. Sabuwar sandar ba ta aiki sai ta wannan rami, shi ma kuma an kori nasa tafintan. Shi ya sa fitilunta ba su kama ba. Ki kifa kwamfutar, akwai takarda manne a ƙasanta da lambar samfurinta. Ki ba Goggo tabarau ta karanta miki, ku haɗa ido biyu. Ki shiga shafin kamfanin kwamfutar da wannan lamba, ki sauke direban USB, wato na ramin, da na chipset, ki saka su, ki kashe ki kunna. Sannan ki saka na sandar, ga sabon adireshi a ƙasa, na 4B1E. Sai a ƙarshe ki soka igiyar a ramin mai shuɗi. In wani gargaɗi ya fito, ki tsaya cak ki rubuto mini.

Maganar jini ta hana ni sukuni. Ina ta juya ta ban gane ba. An kira ni ɗakin inji, zan sake rubutowa.

Yayanki

*

Auta,

KI BAR KWAMFUTAR. KI JE ASIBITI YANZU. KE, BA BABA BA.

Ina tsaye gaban allon wuta a ɗakin inji abin ya faɗo mini. Ba keke yake nufi ba. KE ya rubuta, ya gama kalmarsa. Ke, jini. Na dawo na sake karanta saƙonninki daga farko: ƙafa ta kumbura, kai yana sarawa, jiri, taurari a ido, fuska ta cika, zobe ya ƙi fita. Kowane saƙo kin faɗa mini, ni kuma ina tsallakewa ina neman lamba. Na kai maganar wurin jami'in da ke riƙe da akwatin maganinmu, ya buɗe littafinsa, ya ce mai juna biyu da waɗannan alamu ba ta kwana a gida. Hawan jini ne na masu ciki, yana iya kawo jijjiga, ya tafi da uwa da ɗa.

Baba ya ga irinsa ba adadi a wurin aiki. Yana kwance yana kallonsa a fuskarki.

Ki ɗaura abin awon a hannunki. Ko me ya nuna, ki tafi. Ki bar Goggo da Baba, ki buga wa maƙwabta ƙofa su kai ki.

Na danna aikawa, an ce babu sadarwa, hadari ya rufe mu. Na roƙi kyaftin ya ba ni wayar gaggawa, ya ba ni, ita ma ta ƙi. Zan tsaya a nan ina dannawa.

Yayanki

*

Yaya,

Na ga saƙonka na gyara, Allah ya saka da alheri. Kai ma ka daina cewa laifinka ne. A tsaye nake rubuta wannan, ka yi haƙuri da gajartarsa.

Ya yi. Na bi yadda ka ce, Goggo tana karanta mini lamba da tabaranta a karan hanci, tana cewa ita da ba ta gama firamare ba yau ta zama injiniya. Shuɗin ya tafi. Na saka na ramin, alama ɗaya ta ɓace. Na saka na sandar, na soka igiya, na ji ɗan ƙaran nan, sai ga jajayen fitilu sun kama. Goggo ta yi guɗa, na ce ta yi shiru kada ta firgita su.

Na gyara masa allon daidai fuskarsa. Ya bi ɗigon da ido aka daidaita. Na durƙusa a gefen gado na ce, “Baba, ga Sakatarenka. Faɗi abin da ke damunka.” Na gama sawa a raina wasiyya zan ji.

Muryar ta ce, “Auna jininki.”

Na ce, “Nawa, Baba?”

“Naki. Yanzu.”

Na ɗaura abin awon. Lambar sama ta haura ɗari da saba'in. Na ce ko kuskure ne, bari in sake. Ya ce, “Kada ki sake. Asibiti. Ɗakin haihuwa. Ki ce ciwon kai da gani dishi-dishi. Kada ki hau babur. Kada ki tafi ke kaɗai.” Na ce to wa zai ba shi abincin rana, a bari in gama. Yaya, ka san muryar nan ba ta da fushi, yadda take faɗin a kawo ruwa haka take faɗin komai. Amma da ta ce “Fita,” na ji Baba na da, wanda in ya yi gyaran murya a ƙofar gida muke watsewa.

Ashe ni ce. Duk tambayoyin da na yi masa, ko sau ɗaya ban ce ko ni ce ba.

Matar maƙwabcinmu ta fito da mota. Kaina kamar ana buga guduma, kuma akwai wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama da ya fara ɗazu. In na isa zan rubu

*

Auta,

Sadarwa ta dawo, nawa ya fita, naki ya shigo a lokaci guda. Saƙonki ya yanke a tsakiyar kalma. Ki gaya mini hannunki ne ya taɓa aikawa. Ko harafi ɗaya ki turo.

Na kira wayarki ta wayar kyaftin, tana ƙara ba a ɗauka. Ta Direba a kashe. Ta Goggo ban taɓa haddace lambarta ba, tana cikin wayata da ta faɗa ruwa tun farkon tafiya.

Yayanki

*

Auta, ko duk wanda ke riƙe da wayarta,

Ni ne yayanta da ke aiki a jirgin ruwa. Don Allah ko mene ne a faɗa mini. Ba na son a ɓoye mini don ina nesa. An sauke saƙonni sau biyu, kowa ya samu nasa, ni babu. An cire ni daga aiki yau saboda na kusa sa hannu a wayar da ke da wuta. Ina aika kwafin wannan zuwa akwatin saƙon Baba, ko Allah zai sa wani ya buɗe.

*

Babban ɗana,

Ni ne. Da idona nake rubutawa. Goggonku ta kunna, ni na buɗe akwatin.

Tana raye. Na fara da wannan don ka zauna.

Ta yi jijjiga a mota, a bakin ƙofar asibiti. Wayarta ta faɗa ƙarƙashin kujera, sai jiya aka gan ta. Da a gida abin ya same ta, da ni da Goggonku ne kawai a kanta, ni ina kallo. An yi mata allurar da ta dace, an yi mata aiki a ranar. Ta kwana biyu ba ta san inda take ba. Yanzu ta farka, ta sha ruwa, ta yi magana. Jinin yana sauka. Ganinta bai gama washewa ba, likita ya ce zai dawo. Mijinta ya bar motar a daji ya hau ta haya, yana wurinta.

Mace aka samu. Bakwaini ce, tana cikin kwalba. Tana numfashi da taimako. Ba a ce ta tsallake ba tukuna. Na san irin waɗannan, wasu suna zama, wasu ba sa zama. Ka yi addu'a, kada ka yi alkawari wa zuciyarka.

Na karanta abin da ka rubuta mata a wayarta. Ka gano, ka makara, ba da sonka ba. Ni na gano da wuri, ba ni da baki. Ita tana da baki, ba ta kalli kanta ba. Kada wani cikinku ya sake kawo mini maganar laifi.

Na yi aikin jinya har na tsufa. Na riƙe mutane suna mutuwa, ban ji abin da na ji a kwanakin nan ba. Kullum ta shigo da safe fuskarta ta fi ta jiya. Ta sunkuyo tana goge mini baki, ina ganin yatsunta sun cika. Abin awo yana kan tebur tsakanina da ita. Ta ɗaura mini, ta ce Baba jininka lafiya, ta naɗe ta ajiye. Ranar da ta ɗaga ni zuwa keke na roƙi Allah ya ɗauki raina a take, ko ta sauke ni ta huta.

In jirginku ya tsaya, ka nemi hutu ka zo. Ba don kwamfuta ba. Ka koma bakin aikinka kafin nan, ka kula da hannunka.

Mijinta ya zo ɗazu ya riƙe mini hoton yarinyar a waya. Duk jikinta bai fi tafin hannunsa biyu ba. Ta dunƙule hannu.

Wasiƙar nan tun safe nake yin ta. In hawaye ya taru, sandar ba ta gane idona, sai Goggonku ta share a ci gaba. Ta share har ta gaji. Ga shi ya sake taruwa. Zan tsaya a nan.

Babanku